Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Nazarin King, Sarkin Daba a Littafin Angie Thomas

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa karanta wa ɗalibai ƙagaggen labari a aji ya san cewa mugun da ke cikin labari ya fi gwarzonsa daɗewa a zukatan yara. Sukan manta da nasihar da aka rufe littafi da ita, amma ba su mantawa da wanda ya sa gabansu ya faɗi. Saboda haka bai kamata manazarcin adabi ya bar mugu ya wuce ba, sai ya tsayar da shi ya tambaye shi daga ina ya fito, wa yake yi wa aiki, kuma wane kaya marubuci ya ɗora masa. Waɗannan tambayoyi ne wannan maƙala za ta yi wa King, shugaban ƴan daba a littafin The Hate U Give na marubuciyar Amurka Angie Thomas, littafin da aka rubuta domin matasa a kan wariyar launin fata.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan malamin Dogondutsi ko na Tibiri da ƴan dabar Amurka. Amsar ita ce an fassara littafin zuwa Faransanci tun 2018 da sunan La haine qu'on donne, an kuma mayar da shi fim a wannan shekarar, don haka ya riga ya shiga cikin abin da matashi mai waya a hannu zai iya cin karo da shi ko malami ya so ko ya ƙi. Bayan wannan, matsalar da King ya tayar tsohuwa ce a wurinmu: yaya al'ummar da ake zalunta daga waje za ta yi magana a kan azzalumin da ke cikin gidanta, ba tare da ta miƙa wa na wajen sandar dukanta ba? Ra'ayina shi ne da King ake auna gaskiyar wannan littafi. A kansa marubuciyar ta nuna ƙarfin halinta, kuma a kansa ne alƙalaminta ya taƙaita. Malamin da zai kai littafin aji yana bukatar ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare.

Littafin da Marubuciyarsa

Angie Thomas ƴar birnin Jakson ce a jihar Misisipi. Tana ɗaliba a jami'ar Belhaven ne ta rubuta gajeren labarin da daga baya ya zama wannan littafi, bayan da wani ɗan sanda ya harbe Oscar Grant, saurayi baƙar fata ɗan shekara 22, a wata tashar jirgin ƙasa ta birnin Okland ranar 1 ga Janairu 2009. Littafin ya fito a watan Fabrairu 2017, ya samu karɓuwa ƙwarai, ya kuma gamu da adawa, domin wasu makarantun Amurka sun cire shi daga ɗakunan karatunsu bisa dalilin zafin harshensa da yadda ya zana ƴan sanda. Sunansa ya samo asali daga wani tunani na mawaƙi Tupac Shakur, wanda aka kashe a 1996, cewa ƙiyayyar da al'umma ta shayar da ƙananan yara ita ce ke girma ta dawo ta cinye kowa da kowa. Bahaushe ya taƙaita wannan tun da daɗewa da ya ce abin da ka shuka shi za ka girba.

Tauraruwar labarin ita ce Starr Carter, yarinya ƴar shekara 16, kuma da bakinta ake ba da labarin daga farko har ƙarshe. Tana zaune a Garden Heights, ƙagaggiyar unguwa ta talakawa baƙaƙen fata, tana karatu a Williamson, makarantar kuɗi da yawancin ɗalibanta ƴaƴan fararen fata ne masu hali. Wani dare tana cikin motar abokinta na ƙuruciya Khalil, ɗan sanda farar fata ya tsayar da su, ya harbe Khalil har lahira a kan idonta, alhali babu makami a jikinsa. Starr ce kaɗai shaida. Kafin a yi nisa kafofin watsa labarai suka fara kiran mamacin dillalin ƙwaya kuma ɗan daba, kamar dai wannan ya isa hujjar kashe shi. Sauran littafin gwagwarmayar yarinyar ce da tsoro, har ta kai ga buɗe baki a gidan talabijin da gaban kwamitin da doka ta ɗora wa duba ko za a gurfanar da ɗan sandan. Kwamitin ya ƙi gurfanar da shi, unguwa ta kama da tarzoma.

Wane ne King?

King shi ne shugaban ƙungiyar King Lords, wadda alamarta launin toka ne, kuma ita ke riƙe da cinikin ƙwaya a wani sashe na unguwar, tana gaba da wata ƙungiyar mai suna Garden Disciples. Abin lura na farko shi ne marubuciyar ba ta ajiye shi can nesa ba, ta ɗaure shi da gidan tauraruwar da igiyoyi masu yawa. Maverick, mahaifin Starr, tsohon ɗan ƙungiyar ne, kuma sai da ya ɗauki laifin King ya yi shekara 3 a gidan yari kafin a yarda ya fita daga cikinta ya buɗe kantinsa. Seven, yayan Starr da suke uba ɗaya, mahaifiyarsa Iesha tana zaune ne da King. Kenya, ƙawar Starr, ƴar King ce ta cikinsa. Ke nan idan yarinyar ta ambaci sunansa a bainar jama'a, ta taɓa uban ƙawarta, ta kuma jefa uwar ɗan uwanta cikin haɗari, domin King mutum ne mai dukan mace da ƴaƴa idan ransa ya ɓaci.

Fitowarsa ta farko ta nuna irin mulkinsa. Ya tsaya da babbar mota a ƙofar kantin Maverick, ya yi tayin ɗaukar nauyin jana'izar Khalil, sa'an nan ya nemi a ajiye masa wasu kaya, Maverick ya ƙi. Kyauta da buƙata a numfashi ɗaya: wannan ita ce hanyar duk wani uban daba, alherinsa bashi ne da ake biya da wuya. Ranar jana'izar kuwa ya shigo da yaransa ya ɗora ƙyalle mai launin toka a kan gawar, alamar cewa mamacin nasu ne, sai kakar yaron ta ɗauke ƙyallen ta jefa masa. Daga baya ne DeVante, wani yaro da ya gudu daga ƙungiyar, ya shaida wa Starr gaskiyar magana: Khalil ya ƙi shiga ƙungiyar, ya shiga sayar da ƙwaya ne domin ya biya bashin mahaifiyarsa, wadda shaye-shaye ya kai ta ga yi wa King sata. King ya ɗora ƙyallen ne domin kada a ji cewa wani yaro ya ce masa a'a.

A nan ne gwanintar marubuciyar ta fi fitowa fili. Ɗan sanda ya ɗauki ran Khalil, ƴan jarida sun ɓata sunansa, King kuma ya zo ya sa hatimi a kan ƙaryar. Abin da masu kare ɗan sandan suke bukata shi ne a ce yaron ɗan daba ne, kuma King ya ba su wannan kyauta ba tare da sun roƙe shi ba, don kawai ya kare girmansa. Babu inda aka nuna sun zauna sun ƙulla shawara, amma bukatunsu sun haɗu a kan gawa ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Tsoro Biyu a Ƙofa Ɗaya

Jigon littafin shi ne magana da shiru, kuma idan aka cire King jigon zai rasa ƙafa ɗaya. Da ɗan sanda ne kaɗai abin tsoro, da labarin ya zama mai sauƙi: unguwa a gefe guda, hukuma a ɗaya gefen. Amma Starr ba za ta iya wanke Khalil ba sai ta faɗi dalilin da ya sa ya sayar da ƙwaya, kuma ba za ta faɗi dalilin ba sai ta nuna King da yatsa. A unguwar akwai doka da ba a rubuta ba, cewa ba a kai ɗan unguwa ƙara wurin hukuma. Dokar tana da tushe, domin mutanen da suka daɗe suna ganin ƴan sanda a matsayin baƙi masu dukan kowa ba za su ɗauki tona asiri abu mai kyau ba. Sai dai wanda ya fi kowa cin ribar wannan doka shi ne King. Garkuwar da talakawa suka yi wa kansu ta koma rumfar da yake shan inuwa.

Marubuciyar ta nuna farashin karya dokar ta hanyar Malam Lewis, tsoho mai shagon aski kusa da kantin Maverick, wanda ya ambaci King a gaban kyamara, yaran King suka zo suka yi masa jina-jina. Ta kuma nuna shi a daren da ya gabaci zuwan Starr ba da shaida, lokacin da aka yi harbi a gidansu aka jefo bulo ta taga. Iyalin suka zauna suna gardama: ƴan sanda ne ko mutanen King? Babu wanda ya iya yankewa, kuma labarin bai warware ba. A ganina wannan shi ne wuri mafi nauyi a littafin gaba ɗaya, domin a cikinsa ne aka taƙaita halin talakan da ke tsakanin wuta biyu, wanda in an buga masa ƙofa da dare bai san ko mai kaki ne ko mai ƙyalle ba, abin da ya sani kawai shi ne duka biyun so suke ya yi shiru.

Ya kamata a yaba wa marubuciyar a kan wannan. Abu ne mai sauƙi ga wanda ke kare mutanensa ya ɓoye aibinsu, ya zana su duka salihai domin kada abokin gaba ya samu abin faɗi. Ita ba ta yi haka ba. Ta tuna mana da Natasha, ƙawar Starr da harsashin ƴan daba ya kashe suna da shekara 10, ta sa yarinyar ta ɗauki gawa biyu a zuciyarta, ɗaya ta hannun hukuma, ɗaya ta hannun ƴan unguwa. Ta kuma kiyaye kada a haɗa laifukan biyu a ma'auni ɗaya har ɗayan ya wanke ɗayan: ɗan sanda amana aka ba shi, da kuɗin jama'a aka saya masa bindiga.

Inda Alƙalamin Ya Taƙaita

Duk da haka akwai giɓi, kuma a jikin King yake. A wata hira tsakanin Maverick da ƴarsa, littafin ya shimfiɗa bayaninsa a kan asalin daba: makarantu marasa inganci, rashin aikin yi, ƙwayar da ake shigowa da ita daga nesa alhali babu mai jirgin sama a unguwar, da gidajen yarin da ke haɗiye samari su tofo su ba mai ɗaukarsu aiki. Tarihi ya goyi bayan wannan bayani. Dokar Amurka ta 1986 ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda aka kama da giram 5 na dunƙulalliyar hodar iblis, wadda ta fi yawa a unguwannin talakawa baƙaƙe, alhali sai an kama mutum da giram 500 na garin hodar kafin ya samu wannan hukunci. Sai a 2010 aka rage tazarar daga ninki 100 zuwa ninki 18.

To, wannan bayani an shimfiɗa wa Khalil shi, an shimfiɗa wa DeVante, wanda ya saci dala 5,000 na King domin ya fitar da mahaifiyarsa da ƴan uwansa mata daga unguwar bayan an kashe ɗan uwansa, an kuma shimfiɗa wa Maverick. Kowannensu an nuna mana ramin da ya faɗa da abin da ya tura shi. King kaɗai aka hana. Ba mu san ƙuruciyarsa ba, ba mu ga daren da ya kasa barci ba, ba mu kuma san wanda ke sama da shi ba, wato mai kawo masa kayan. Tauraro ne mai fuska ɗaya, yadda ya shigo haka ya fita. Idan ƙiyayyar da aka shayar da yaro ce ke mayar da shi abin tsoro, ai King ma an taɓa goya shi. Littafin da ya roƙe mu kada mu taƙaita Khalil a kalmar ɗan daba, shi ne kuma ya taƙaita King a cikinta.

Ana iya kare marubuciyar da cewa da idon Starr muke kallo, kuma yarinyar da ke tsoron mutum ba ta da lokacin binciken tarihinsa. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, amma bai rufe giɓin duka ba, domin Maverick ya san King tun suna yara, kuma da an so da an sa ya faɗi kalma biyu. Alamar cewa ita ma marubuciyar ta ga sauran magana ita ce littafinta Concrete Rose na 2021, wanda ya koma shekarar 1998, lokacin Maverick yana ɗan shekara 17. A can mun gamu da King saurayi, maraya, babban abokin Maverick, wanda aka kora daga makaranta bayan ya doki wani mai horar da wasanni da ya wulaƙanta shi. Wanda ya karanta littafin farko kaɗai ba zai san da wannan yaro ba.

Giɓi na biyu yana ƙarshen labarin. A daren tarzoma King ya sa wuta a kantin Maverick alhali Starr da ƴan uwanta suna ciki. Da suka tsira, ƴan sanda suka iso, sai Malam Lewis ya nuna King, Maverick ya mara masa baya, maƙwabta suka bi ɗaya bayan ɗaya, aka kama shi, DeVante kuma ya yarda zai ba da shaida a kansa. Wuri ne mai sanyaya zuciya, domin unguwa ta karya dokar shiru da bakinta. Amma mai karatu mai natsuwa zai tsaya ya lissafa: azzalumai biyu aka gabatar, farin ya tafi gida, baƙin ya tafi gidan yari, kuma hukumar da ta kasa hukunta na farko ita aka miƙa wa na biyu. Ana iya cewa haka duniyar take, kuma marubuciyar gaskiya ta faɗa. Sai dai yadda aka tsara wurin da sigar nasara yana iya sa ɗalibi ya rufe littafi da jin cewa an gama, alhali kujerar King tana nan, kuma talaucin da ya ɗora shi a kanta zai ɗora wani.

Madubi Daga Namu Adabin

Domin a ga abin da King ya rasa, yana da kyau a jera shi da takwarorinsa na ƙasar Hausa. A littafin Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, shugaban miyagun shi ne babban tauraro. Mailoma Bamaguje ne daga ƙauyen Tsaunin Gwano, wato daga jama'ar da rubutaccen adabin Hausa ya daɗe bai ba ta tsakiyar fili ba, kuma mai karatu yana bin sawunsa daga ƙauye zuwa yaƙin basasar Nijeriya, daga yaƙi zuwa tara ƴan ta'adda da harkar tabar wiwi. Ba a wanke shi ba, amma an nuna maƙerar da aka ƙera shi.

Haka kuma a Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, mun gamu da Reza, shugaban ƴan daba mai sayar da wiwi, wanda mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami. Littafin na manya ne, ba na ɗalibai ba, amma ya yi abin da Angie Thomas ba ta yi ba: ya hau da mu bene har falon sanatan da ke ba Reza kuɗi da aiki, wanda kuma ke juya masa baya ranar da amfaninsa ya ƙare. A nan sarkin daba bawan wani ne, kuma an nuna mana ubangidan.

A ƙasarmu, fim ɗin Zinder na Aisha Maki, wanda ya fito a 2021, ya shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram, unguwar da asalinta matsugunin kutare ne da waɗanda gari ya ƙi, ya zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira fale, ya bar su suka yi magana da bakinsu. Babu bambancin launi tsakaninsu da sauran mutanen gari, amma sunan unguwarsu kaɗai ya isa ya rufe musu ƙofa. Wannan ya tuna mana cewa wariya ba ta bukatar fari da baƙi kafin ta yi aiki. A wurinmu takan bi ta asali, ta sana'ar gado, ta unguwa, ko ta abin da kakan mutum ya bauta wa.

Mutanen Arewa kuwa suna da nasu misali a ƙofar gida. Littafin Sarraounia na Abdullahi Mamani, na 1980, ya ba da labarin ayarin Vule da Shanwan da ya auka wa Lugu a watan Afrilu 1899. Turawan da ke cikin ayarin ƴan kaɗan ne, mafi yawan hannuwan da suka cinna wa garuruwa wuta na baƙaƙen fata ne da aka ɗauka soja. Kuma a watan Yuli na wannan shekarar, a wajen Maijirgi, sojojin nasu ne suka juya suka kashe shugabannin biyu. Ba a ce King da Vule abu ɗaya ba ne, domin ɗaya da tutar ƙasa ya zo, ɗayan kuwa ɗan unguwa ne. Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne zalunci daga waje ba ya tafiya sai da hannun na ciki, kuma mai mulki da tsoro yakan faɗi ne ranar da na ƙasa da shi suka daina yi masa biyayya.

Abin da Malami Zai Yi da Shi

Littafin ya fi dacewa da manyan ɗaliban lise, saboda akwai zagi da zancen ƙwaya da tashin hankali a cikinsa, kuma wajibi ne malami ya karanta shi tukuna kafin ya kai shi aji. Idan ya kai shi, kada ya tsaya ga tambayar ko King mugu ne, domin wannan kowa zai amsa ta ba tare da ya yi tunani ba. Tambayoyin da za su motsa aji su ne irin waɗannan: wa ya ci ribar ƙyallen da aka ɗora a kan gawar Khalil? Me ya bambanta Maverick da King alhali daga tushe ɗaya suka fito? Yaushe rufa wa ɗan unguwa asiri yake zama mutunci, yaushe kuma yake zama taya ɓarawo riƙon tsani? Bayan an kama King, wa zai hau kujerarsa, kuma me zai hana?

Ana iya ba ɗalibai aikin rubuta babin da marubuciyar ba ta rubuta ba, wato rana ɗaya a rayuwar King yana ɗan shekara 12, da Hausa ko da Faransanci. Ƙungiyoyin al'adu da masu wasan kwaikwayo na gidajen matasa za su iya shirya zaman shari'arsa, a samu mai tuhuma da mai kariya, a kira Iesha da Kenya da kakar Khalil su ba da shaida, domin matan nan su suka fi kowa ɗanɗana mulkinsa, kuma Iesha, duk da raunin da aka zana ta da shi, ita ce ta ba yaran damar tserewa da DeVante daga gidan King tana sane da abin da zai biyo baya.

Akwai hattara guda biyu. Ta farko, kada a ɗauko Garden Heights a kifa a kan garuruwanmu. Fadar samari da ke shan shayi a bakin titin Dogondutsi ko Matankari ko Gesheme ba daba ba ce, kuma malamin da ya kira ta haka ya aikata abin da ƴan jaridar littafin suka yi wa Khalil. Ta biyu, kada darasi ya koma nuna wani ɗan gari da yatsa. Yankinmu yana kan iyaka, kuma kowa ya san akwai samarin da rashin aiki ya tura fasa-ƙwaurin man fetur ko sayar da ƙwaya, akwai kuma ƙauyukan da suka san tsoron ɓarayin shanu da ƴan bindiga. Wataƙila a cikin ajin akwai ƙanen wani daga cikinsu. Amfanin ƙagaggen labari shi ne yana ba mu sunan aro, mu tattauna abin da ke damunmu ba tare da mun kunyata kowa ko mun jefa wani cikin haɗari ba.

Kammalawa

King ya cika aikin da aka ɗauke shi ya yi: ya sa maganar Starr ta yi tsada, ya kuma hana littafin zama waƙar yabon kai. Abin da bai samu ba shi ne adalcin da littafin ya nema wa sauran samarin unguwar, wato a dubi mutum a tambayi abin da ya mayar da shi haka, ba domin a yafe masa ba, sai domin a toshe hanyar da ta kawo shi. Wannan aibi ne na gaske, amma a hannun malami mai basira yana iya zama ƙofar darasi, domin wurin da marubuci ya yi shiru nan ne ɗalibi ke samun filin magana.

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, nauyin da ke kan marubutanmu ya ƙaru. Matasan Arewa suna bukatar littattafai da harshensu waɗanda za su dubi wariyar da ke tsakaninmu da idon gaskiya, su zana sarkin dabar da muka sani tun daga goyonsa har zuwa ubangidan da ke ɗaure masa gindi. Angie Thomas ta yi wa unguwarta nata gwargwadon iko. Namu yana jiran mai ɗaukar alƙalami. Allah ya sa a samu.